Yadda ake taimaka wa manya da imel mai neman tabbaci kafin ya karɓi saƙo

Akwai wani nau'in kariya daga saƙonnin shara wanda yake aiki kamar zauren gida: baƙo ba ya wucewa ciki sai ya yi sallama an amsa masa. Idan wanda ba a sani ba ya aiko da imel, na'ura tana tsare saƙon, ta mayar masa da wani saƙo tana neman ya tabbatar da cewa mutum ne, ko ta hanyar amsawa ko ta danna wata mahaɗa. Sai ya yi haka saƙonsa zai isa. BoxTrapper da ke cikin cPanel, wato shafin da ake sarrafa imel da shafin intanet na kamfani, haka yake aiki, amma Gmail da kansa ba ya yi. Yawancin 'yan kasuwar Kumasi da na ga suna amfani da shi sun same shi ne a imel ɗin kamfani da wani yaro ya buɗe musu, ya kunna, ya karɓi kuɗinsa, ya kama gabansa.

Ba zan tsaya kan yadda ake kunna shi ba, domin maɓalli ɗaya ne. Abin da nake so ka yi shi ne kada ka taɓa wannan maɓalli sai ka gama cika jerin amintattu, wato sunayen waɗanda za su wuce ba tare da an tambaye su komai ba.

Ka zauna da mai akwatin, ka buɗe saƙonninsa na watanni shida da suka wuce, ka raba masu aikowa gida biyu: mutane da na'urori. Mutane ba su da wuya, domin ko ka manta da wani, zai ga tambayar ya amsa, ko ya bugo waya yana faɗa. Na'ura kuwa ba ta amsa sallama har abada. Sanarwar banki, rasiɗin haraji na GRA (hukumar tara haraji ta Ghana), tikitin jirgi, lambar sake kalmar sirri, sanarwar isowar kaya, duk daga adireshin da babu mai karanta amsarsa suke fitowa, galibi irin wanda ya fara da noreply. Tambayar tabbaci za ta tafi can ta faɗa rijiya, saƙon kuma ya zauna a tsare har kwanakin da aka saita su cika, a goge shi.

A nan na taɓa yin kuskure. Na shirya wa kawuna, mai sayar da yadi a kasuwar Kejetia ta Kumasi, na sa abokan cinikinsa duka a jerin, har da wakilin da ke fitar masa da kaya daga tashar Tema. Abin da ban lura ba shi ne, wakilin yana rubutu da adireshinsa, amma sanarwar isowar kaya daga wani adireshi dabam na kamfanin take fitowa. Ta kwana tara a tsare, kuɗin ajiya yana ta hawa. Da aka gano, Kawu bai ɗaga murya ba, ya ce kawai, "Kai da ka ce wannan abu zai sauƙaƙa mini?" Tun daga ranar ba na kallon sunan da ya bayyana a saman saƙo, sai na buɗe na kwafi ainihin adireshin harafi bayan harafi, kuma nakan duba ko kamfani ɗaya yana aikowa daga wurare biyu ko uku. Bankuna ma sukan yi haka. Wasu suna sa duk abin da ya biyo bayan alamar @ a jerin don su huta, amma ni ba na yin haka sai ga kamfanin da ake hulɗa da shi kullum, kuma kada ka kuskura ka yi wa gmail.com haka, domin ka buɗe wa duniya ƙofa ke nan.

Bayan wannan ka kunna tsarin da yake sa duk wanda mai akwatin ya rubuta wa ya shiga jerin kai tsaye. Idan babu shi, Alhaji zai aika wa mutum tambaya, amsar ta dawo, na'ura ta tsare ta, abin da yake kama da ka kira mutum gidanka sannan ka sa a hana shi shiga.

Sai ka gyara rubutun tambayar kanta. Wadda take zuwa da tsarin Turanci ce mai tsauri, kuma ga wanda ya saba da 'yan damfarar MoMo, wato asusun kuɗi na wayar salula, kamanninta ɗaya da tarko. Ka rubuta layi uku da Hausa da Turanci mai sauƙi, ka sa sunan shagon, ka ce ba a neman kuɗi ko lambar sirri, amsawa kawai ake so. A BoxTrapper akwai lambar tabbaci a kan layin taken saƙon. Kada ka goge ta, kuma mai amsawa ma kada ya canza taken, in ba haka ba na'ura ba za ta gane amsar ba.

Ɗaya ɓangaren shi ne lokacin da babba ya zama shi ne baƙon. Ka koya wa Hajiya tambaya guda: "Na aika wa wannan mutum saƙo yau ko jiya?" Idan ta aika, ta amsa. Idan ba ta aika ba, ta goge, domin masu shara suna aron adireshin mutane, kuma tabbatarwarta za ta shigar da sharar cikin akwatin wani. Duk tambayar da ta nemi kalmar sirri, lambar MoMo ko hoton Ghana Card ta ƙarya ce, kuma ana iya kai ƙararta ga hukumar tsaron intanet ta Ghana ta lambar waya 292.

Saura duba ɗakin jira, wato inda saƙonnin da aka tsare suke zama, wanda BoxTrapper yake kira Review Queue. Ka nuna wa mai akwatin sau ɗaya, sannan ka bar shi ya yi da hannunsa sau biyu kana kallo, ka rubuta matakan a takarda ka manna kusa da teburinsa. Ka tsawaita kwanakin ajiya zuwa talatin, ka ɗaura dubawar da wani abin da ba a mantawa, kamar bayan sallar Juma'a. Idan wata ya wuce bai duba da kansa ko sau ɗaya ba, ka kashe tsarin, ka mayar da shi kan matatar shara ta yau da kullum, wadda ko ba komai take ajiye abin da ta kama a inda idonsa yake gani.