Yadda Za Ka Auna Tasirin Zuwa Coci a Kan Bangaskiya, Ɗabi'a da Ra'ayin Siyasa

Akwai masu cewa duk Kiristan da ya daina zuwa coci ya kama hanyar rasa bangaskiyarsa da tarbiyyarsa, kuma ƙasar da majami'unta suka zama kufai ba za ta daɗe da masu riƙon ra'ayin mazan jiya ba. Akwai kuma masu cewa bangaskiya a zuci take, Allah ba ya duba wanda ya zauna a benci ranar Lahadi. Kowane ɓangare yana da alƙaluman da yake kafa hujja da su, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa. Wanda yake son ya yanke hukunci na adalci, Kirista ne shi ko ba Kirista ba, yana buƙatar hanyar da zai bi ya tace hujjojin.

Ka fara da rarrabe abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa, wato amsa sunan Kirista, da gaskata koyarwar addinin, da halartar sujada. Masaniyar zamantakewa 'yar Birtaniya, Grace Davie, ta nuna tun 1994 cewa ɗimbin mutanen ƙasarta sun yarda da Allah amma ba sa cikin kowace ikilisiya. A Rasha kuwa lamarin ya ɗauki wani salo, domin binciken cibiyar Pew na 2017 ya gano cewa kashi 71 cikin ɗari na Rashawa suna kiran kansu mabiya ɗarikar Otodoks, alhali kashi 6 kawai na waɗannan ne ke zuwa coci kowane mako. Saboda haka idan aka ce maka "Kiristoci sun yi kaza" ko "Kiristoci sun zaɓi wane", tambayarka ta farko ita ce: waɗanne Kiristocin, masu sunan ko masu zuwa? Sau da yawa amsar wannan tambaya kaɗai takan rushe rabin maganar da aka gina.

Bayan haka ka bincika yadda aka yi ƙirgen. Shekaru da dama cibiyar Gallup ta yi ta samun kusan kashi 40 cikin ɗari na Amurkawa suna cewa sun halarci wurin ibada a cikin kwana bakwai da suka wuce. A 1993 wasu masana uku, Hadaway da Marler da Chaves, suka ce gani ya kori ji: suka tattara ƙirgen mutanen da ke cikin majami'u da kansu, ciki har da na gundumar Ashtabula a jihar Ohio, sai suka tarar ainihin masu halarta sun kusa rabin abin da ake faɗa, kimanin kashi 20 a tsakanin Furotesta da kashi 28 a tsakanin Katolika. Mutanen ba lallai ƙarya suke nufin yi ba. Da yawansu suna amsa wata tambaya ce dabam a ransu, wato "shin ni mutumin coci ne?" Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin wanda ya ƙara gishiri a kan zuwansa coci zai iya ƙarawa a kan sadakarsa da gaskiyarsa, sai binciken ya fito da dangantakar da ta fi ta zahiri ƙarfi. Ka fi ba da nauyi ga ƙirgen kai-da-kai, irin wanda cocin Katolika na Poland yake yi a wata Lahadi guda kusan kowace shekara tun 1980, da kuma binciken da ya bi mutane ɗaya na tsawon shekaru.

A kan bangaskiya, ka duba abin da addinin yake koyarwa kafin ka duba abin da masana suka auna. A cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista, Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa 10:25 ta gargaɗi masu bi kada su bar taruwa, kuma Matiyu 18:20 ta danganta kasancewar Almasihu da taron mutum biyu ko uku. Cocin Katolika ya mayar da halartar sujadar Lahadi wajibi a doka ta 1247 ta kundin dokokinsa na 1983, yayin da yawancin ɗarikun Furotesta suke kwaɗaitarwa da ƙarfi ba tare da irin wannan doka ba. Masu cewa zuwa ba dole ba ne sukan kawo Matiyu 6:6, inda aka ce mai addu'a ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa, amma wanda ya karanta ayar da ke gabanta zai ga cewa riya ake tsawatarwa a wurin, ba taron masu bi ba.

Tarihi ma yana da abin faɗa. An haramta addinin Kirista a Japan a 1614, ba a ɗage haramcin ba sai 1873, kuma a tsakanin nan wasu iyalai sun riƙe bangaskiyarsu a ɓoye fiye da shekara 200 ba coci ba limami, har wasunsu suka bayyana kansu ga wani limamin Katolika Bafaranshe a Nagasaki a 1865. Ana kawo wannan a matsayin hujjar cewa bangaskiya ba ta buƙatar coci, sai dai a ganina hujjar ta fi taimakon ɗaya ɓangaren. Waɗannan mutane sun rasa gini, amma ba su rasa jama'a ba: suna taruwa a gidaje, suna da mai yin baftisma da mai lissafin ranakun idi. Duk da haka addu'o'insu da wasu al'adunsu sun sauya kama da tsawon zamani. Abin da za ka nema ke nan a kowane misali: shin an rasa gini ne, ko an rasa taro? Mutum ɗaya zai iya riƙe imaninsa shi kaɗai har ya mutu, amma miƙa shi ga 'ya'ya da jikoki ba tare da wata jama'a da ke maimaita shi ba abu ne mai wuyar gaske.

Batun ɗabi'a shi ne ya fi buƙatar haƙuri, domin a nan ne kowa yake ɗauko abin da ya yi masa daɗi. Da farko ka tambaya wace ɗabi'a aka auna. Robert Putnam da David Campbell sun wallafa babban bincike a kan addini a Amurka a 2010, inda suka gano cewa masu zuwa wurin ibada a kai a kai sun fi ba da sadaka da aikin sa-kai, har ga ƙungiyoyin da ba na addini ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne dalilin da suka gano: ƙarfin imanin mutum da yawan addu'arsa a gida ba su bayyana bambancin ba, abokan da yake da su a cikin ikilisiya ne suka bayyana shi. Wanda yake zuwa ya zauna shi kaɗai ya tashi bai gaisa da kowa ba, bai cika bambanta da wanda bai zo ba, yayin da wanda imaninsa ke da rauni amma yana cikin hidimomin jama'ar yakan ɗauki halinsu. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Binciken nan dai ya gano cewa masu yawan zuwa sun ɗan fi ƙarancin haƙuri da masu ra'ayin da ya saɓa wa nasu, kuma adalci ya sa a ambaci wannan tare da wancan.

Daga nan sai ka yi tambayar da ta fi kowacce wuya: cocin ne ya gyara mutumin, ko kuwa mutumin da ya riga ya natsu ne yake iya tashi da sassafe kowace Lahadi? Mashayin da ya daina zuwa saboda kunya zai sa alƙaluman masu zuwa su yi kyau ba tare da cocin ya gyara kowa ba. Hanyar kauce wa wannan tarko ita ce neman yanayin da wani abu daga waje ya rage halarta ba da zaɓin mutane ba. Masana tattalin arziki Jonathan Gruber da Daniel Hungerman sun yi haka a 2008, inda suka bi jihohin Amurka da suka soke dokar hana buɗe kantuna ranar Lahadi. Bayan sokewar, halarta da baikon da ake bai wa coci sun ragu, kuma shan giya da ƙwaya ya ƙaru a tsakanin matasan da a da suke zuwa coci. Irin wannan hujja ta fi ƙuri'ar jin ra'ayi goma nauyi.

Kada kuma ka tsallake hujjojin da ke ja da baya. A wani bincike da aka wallafa a 1973, masana halayyar ɗan Adam Darley da Batson sun gwada ɗaliban makarantar tauhidi ta Princeton, suka tura su yin jawabi a wani gini, wasunsu ma a kan misalin Basamariye mai kirki, wato labarin da Yesu ya bayar na matafiyin da ya tsaya ya taimaki wanda aka raunata a hanya, aka ajiye musu mutum a hanya kamar yana cikin wahala. Abin da ya raba waɗanda suka tsaya da waɗanda suka wuce shi ne sauri: kashi 63 na marasa gaggawa sun taimaka, kashi 10 kawai na waɗanda aka ce sun makara. Mafi muni shi ne Ruwanda, ƙasar da mafi yawan mutanenta Kiristoci ne, inda a kisan ƙare dangi na 1994 aka kashe dubban mutane a cikin majami'un da suka fake, kamar na Nyamata da Ntarama. A ɗaya gefen, Denmark tana cikin ƙasashen da ba a cika zuwa coci ba, kuma tana yawan zama kan gaba a jerin ƙasashe masu ƙarancin cin hanci. Sai dai ka yi hattara da kwatanta ƙasa da ƙasa, domin arziki da ingancin hukuma da tarihi duk suna shiga ciki, kuma abin da ya tabbata a kan ƙasa ba lallai ya tabbata a kan mutum ɗaya ba.

A fagen siyasa ne aka fi yin gaggawar hukunci. Gaskiya ne cewa a tsakanin fararen fatar Amurka, tun wajen shekarun 1980, masu yawan zuwa coci sun fi karkata ga jam'iyyar Republican mai ra'ayin mazan jiya, kuma a zaɓen 2016 kimanin kashi 81 na fararen fata 'yan Ibanjelika, wato Furotesta masu ba da ƙarfi ga sake haihuwa da yaɗa bishara, sun zaɓi Donald Trump. Amma baƙaƙen fatar ƙasar suna cikin waɗanda suka fi kowa zuwa coci, kuma mafi rinjayensu jam'iyyar Democrat suke zaɓa. Daga majami'unsu ne fasto Martin Luther King ya jagoranci gwagwarmayar neman 'yanci tun ƙauracewa motocin haya a Montgomery a 1955. A Latin Amurka, tauhidin 'yantar da talakawa da Gustavo Gutiérrez na Peru ya yi fice da shi a 1971 a cikin coci ya tsiro, kuma a bagadi aka harbe Babban Bishop Oscar Romero na El Salvador a 1980 saboda sukar zaluncin sojoji. Coci yana tara mutane ya ba su murya ɗaya, amma inda muryar za ta nufa ya dogara ga tarihin jama'ar da matsayinsu a ƙasa.

Don haka ka tambaya wane irin ra'ayin mazan jiya ake nufi. Idan batun aure da zubar da ciki da tarbiyyar iyali ne, dangantakarsa da zuwa coci tana da ƙarfi a ƙasashe da yawa. Idan kuwa kishin ƙabila da ƙin baƙi ne, hoton ya rikice. A zaɓen fid da gwani na 2016 Trump ya fi samun karɓuwa a wurin 'yan Ibanjelikan da ba su cika zuwa coci ba fiye da masu zuwa kowane mako, kuma binciken Emily Ekins na 2018 ya nuna cewa a cikin waɗanda suka zaɓe shi, masu zuwa coci sun fi marasa zuwa kyautata zato ga baƙin haure da tsirarun ƙabilu. A Jamus, jam'iyyar AfD mai tsattsauran ra'ayi ta fi ƙarfi a gabashin ƙasar, yankin da ke cikin mafi ƙarancin addini a Turai. Ka kuma tuna cewa tasirin yana iya tafiya ta baya: Michael Hout da Claude Fischer sun nuna a 2002 cewa wasu Amurkawa masu sassaucin ra'ayi sun bar amsa sunan addini ne saboda sun ga an ɗaura shi da siyasar da ba tasu ba. A irin wannan hali siyasa ce ta tace waɗanda suka rage a coci.

Idan ka zo amfani da duk wannan a kan wani mutum ko wata ikilisiya, yawan Lahadin da aka halarta ba zai ishe ka ba. Ka duba ko mutumin yana da abokai a wurin da za su lura idan bai zo ba, ko an taɓa ɗora masa wata hidima, ko yaransa suna da manya da suke koyi da su ban da iyayensu, sannan ka saurari abin da ake wa'azi a kai da abin da ake yin shiru a kansa. Da wannan ma'auni za ka auna sujada ta intanet da ta yaɗu tun lokacin annobar korona a 2020: tana isar da wa'azi da waƙa ga marar lafiya da matafiyi, amma sai ka bincika ko akwai wanda zai ziyarci mai kallon idan ya kwanta asibiti, ko ya neme shi ya zo a kai wa wani taimako.