Yadda Ake Horar da Ɗaliban Aikin Jin Daɗin Jama'a da Kwaikwayo ta Intanet

Ɗalibin da bai taɓa zama gaban mai kuka ba, ranar farko ko dai bakinsa ya mutu, ko ya rufe mutum da tambayoyi kamar ɗan sanda. Gara ya yi wannan tuntuɓen a waya, gaban mai kwaikwayo, da ya yi shi gaban matar da ta gudo Gusau da goyo a baya.

Fara da rubuta labari shafi ɗaya, na ƙasar nan. Misali, uwa daga yankin Anka a jihar Zamfara, ɗanta na yawan suma, maigida kuma na niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. Ba mu manta gubar dalma ta 2010 ba, wadda ta fito daga irin wannan niƙan dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400 a Anka da Bukkuyum. Suna da ƙauye su zama na ƙirƙira.

Sai ka nemo wadda za ta fito a uwar, wadda ɗalibai ba su sani ba. Gaya mata abin da za ta ɓoye: kada ta ambaci sana'ar maigida sai ta saki jiki da mai tambaya.

Haɗa ta da ɗalibi ta manhajar kiran bidiyo ta Google Meet, minti 15, a naɗa da yardar kowa. In sabis ya yi rauni, a kashe kyamara, murya ta isa.

Kai malam, kama bakinka, ka saurara. Ɗalibin ya gaisa, ya ce "Inna, ya mai jiki?" kafin ya ɗauki biro? Ya faɗi ko shi wane ne, da wanda zai ji maganar? Da ta yi shiru tana murza bakin mayafi, ya jira ta, ko ya katse ta? A nan na fi sa ido, domin a wannan shirun ne gaskiya ke fitowa.

Da an gama, uwar ce za ta fara magana: "Da ka ce 'me ya sa ba ki kai shi asibiti ba', sai na ji kana zargina." Mayar da bidiyon daidai wurin, ɗalibi ya ji kansa, ya sake tambayar: "Me ya hana ku zuwa asibiti, Inna?" Sannan a maimaita zaman gaba ɗaya.

Kafin a kashe waya, tambayi kowa yadda zuciyarsa take. A ajin nan akwai waɗanda 'yan bindiga suka taɓa gidajensu. Wanda labarin ya sosa masa tabo, kira shi daban a daren.