Ranar da yaro zai dawo gida da zancen Darwin

Ku da kuka shigo Amurka kwanan nan kuka sa yara a makarantar gwamnati, ku shirya wa wannan tun yanzu. Yaro na kaiwa aji tara ko goma zai fara bayoloji, wata rana ya dawo ya ce Baba, malama ta ce mutum da biri kakansu ɗaya. Toh kar ka zari hula ka nufi makaranta da faɗa, malamar ba ita ta tsara manhajar ba, kuma wallahi ko ka je ba abin da zai canza.

Wannan rigimar Kiristocin ƙasar sun riga mu yin ta, tun 1925 da aka gurfanar da wani malami John Scopes a jihar Tenesi saboda ya koyar da ra'ayin Darwin, wato masanin da ya ce halittu daga asali ɗaya suke, a hankali suka rika canzawa. A 1987 kotun ƙoli ta soke dokar jihar Luwiziyana da ta ce in za a koyar da Darwin sai an haɗa da labarin halitta na addini. Daga nan suka sake salo, suka ce ai tsarin halittu ya yi sarƙaƙiya da yawa dole akwai mai hikima da ya tsara shi, ba sa ambaton Allah kai tsaye, shi ne intelijent dizain. Hukumar makarantun garin Doba a Fensilbaniya ta sa a karanta wa 'yan aji tara sanarwa a kan haka, iyaye 11 suka kai ƙara, a Disambar 2005 alƙali John Jones ya ce wannan addini ne aka sake wa riga, ba kimiyya ba ne. Kuma fa shugaba George W. Bush, mai ra'ayin 'yan mazan jiya, shi ne ya naɗa alƙalin. Kuɗin lauyoyi dala miliyan 1 hukumar ta biya.

Tsarin mulkinsu ne ya hana gwamnati koyar da aƙida a aji, kuma ni dai ban ga laifin sa ba, don shi ne ya hana a koya wa ɗanka aƙidar coci a matsayin darasi.

Kar ka ce wa yaro ya bar tambayar a jarrabawa, maki zai rasa kawai. Ka zauna da shi ku buɗe littafin tare ka ga me aka rubuta, da yawanmu ji muka yi a majalisa ba mu taɓa karantawa ba. Maganar Annabi Adamu kuma a gida da islamiyyar Asabar da Lahadi, in da hali ka nemo malamin da ya san ɓangarorin biyu, don yaran nan sai sun tambayi dalili.