Yadda Ake Buga Hoton Katako Irin Na Littattafan Yara Na Da

Littafin yaran da John Newbery ya fitar a Landan a 1744 tsarinsa mai sauƙi ne: hoton wasa, gajeren baiti, sai darasin tarbiyya a ƙasa. Da katako aka buga hotunan.

Nemi katako marar ƙulli, ka goge shi sumul. Zana hoton a juye, domin hagu dama zai koma a takarda. Sassaƙe duk inda kake son ya fito fari, zurfin kamar milimita 2. In bai kai ba, tawada za ta taɓa wurin ta ɓata hoton. Shafa tawadar ɗab'i kaɗan-kaɗan, in ta yi yawa cike siraran layuka take yi. Ɗan jiƙa takardar, ka ɗora, ka murza da bayan cokali.