Yadda ake haɗa sarƙar ƙaramar tanka guda-guda ba tare da ka yi jifa da ita ba

Mutum uku ke nan cikin samarinmu na nan Jidda suna kawo mini ƙaramar tankar roba ta haɗawa mai sikelin 1/35, wato tsawonta kashi ɗaya cikin 35 na ta gaske, an haɗa jiki, an haɗa bindiga da tayu tsaf, amma sarƙa tana nan zube cikin leda. Duk a nan ake sarewa. Kuma da na duba, abu ɗaya ne yake kayar da su, wato lokacin gam, shi ya sa a kansa zan fi tsayawa.

Da farko ka cire 'ya'yan sarƙar gaba ɗaya daga jikin firam ɗinsu kafin ka taɓa gam. Tankar Tiger I tana da guda 96 a kowane gefe, kusan 200 ke nan, ka yi shayi ka zauna kawai. Kowace ɗaya ka kankare ɗan tsinin da ya rage inda ka yanke ta, da reza ko samfefa, don ɗan abin nan da kake rainawa shi ne zai hana su shiga juna. A faranti za ka zuba su, ba kan kafet ba, wadda ta faɗa kafet sai dai ka yi mata addu'a. In tankar T-34 ce ka raba su kashi biyu, mai haƙori da marar haƙori, ɗaya bayan ɗaya suke tafiya.

Sai ka duba takardar kit ɗin ka ga ina sarƙar ta fuskanta. Tana da gaba da baya, kuma na ga wanda ya haɗa gefe guda a juye bai lura ba sai da ya gama fenti.

Tayar nan mai haƙora da ke jan sarƙa, da tayar ɗaya ƙarshen wadda ake ɗaure sarƙa da ita, kada ka manna su yanzu, ka saƙala su kawai. Wannan doka ce a wurina. Ita mai haƙoran dole ta iya juyawa don haƙoranta su faɗa ramukan sarƙa, ɗayar kuma da ita za ka cike giɓi idan tsayi bai zo daidai ba.

To ga wurin. Ka shimfiɗa salatif a tebur gefen danƙon yana sama, ka ajiye rula a gefe, ka jera 'ya'yan sarƙar suna jingine da rular. Gam mai ruwa-ruwa za ka sa, ni Tamiya Extra Thin mai koren murfi nake amfani da shi, ba mai saurin bushewa ba, kuma kada ka kusanci sufa gulu ko da kyauta aka ba ka. Shi wannan gam narkar da robar yake yi, sai ya ɗan jima kafin ta sake tauri, a tsakanin nan sarƙar tana lanƙwasuwa kamar igiya amma ba ta tsinkewa. Wannan tsakanin shi ne duk aikin. Ka ɗaga da wuri ta wargaje a hannunka, ka makara ta zama sanda.

Ni abin da ya same ni a Tiger ɗina ta farko, na jera duka 96 na sa gam bayan Magariba, na ce bari ta ɗan kama, aka kira Isha'i na fita, muka tsaya hira a ƙofar masallaci, ɗakin kuma mukayyif, wato AC, a kashe ga zafin Jidda, na dawo na zo naɗa ta a taya sai ji na yi ƙas, ta karye gida uku. Wallahi sati biyu ban buɗe kwalin ba. Tun daga ranar ba na yin ta a tsawo ɗaya. Gida huɗu nake rabawa, ta ƙasa, ta sama, da guntaye biyu na zagaye tayu, kowane guntu kamar guda 15. Kuma kada ka bi agogon wani da ka gani a YouTube, ɗakinsa ba ɗakinka ba ne. Ka haɗa guda biyar daga cikin ragowar 'ya'yan sarƙar, ka riƙa taɓa su bayan kowane minti biyar har ka gane lokacin naka ɗakin. Gam ɗin ma ɗigo ɗaya a kowace gaɓa ya isa, in ka cika shi za ka bar zanen yatsanka a jiki.

Guntun taya mai haƙora za ka fara naɗawa, sannan ta ƙasa, sannan ɗaya guntun, ta sama a ƙarshe. Tiger da T-34 sarƙarsu ta sama tana kwanciya a kan tayu, sai ka cusa tishu ko soso tsakaninta da jikin tankar ya danne ta ta kwana a haka. Ta tankar Sherman kuwa a miƙe take, kada ka yi mata tumbi.

Ka bar mahaɗa biyu babu gam don ka iya zare ta ka yi fenti daban. Ka yi mata fenti ƙasa-ƙasa mai duhu, ka goga fensir a wuraren da ke gogar ƙasa su yi ƙyallin ƙarfe, ka mayar, ka manna. Masu kuɗi suna sayen sarƙar ƙarfe ta Friulmodel mai waya, tana da kyau kam, amma wani lokacin kuɗinta ya kusa kamo na tankar, ni dai riyal ɗina fenti nake saya da su.