Kurakuran da aka fi yi wajen aika sammaci ta WhatsApp da Facebook

Wanda ake bi bashi ya yi layar zana, ɗan sammaci ya yi ta zirga-zirga bai same shi ba, amma kullum ga shi yana ɗora hotuna a Facebook. Sai mai ƙara ya ɗauki hoton sammacin da wayarsa ya tura masa, ya ce ai shi ke nan. Wannan shi ne kuskuren farko, kuma ya fi sauran tsada.

A manyan kotunan Najeriya, asali hannu da hannu ake miƙa takardun fara shari'a. Duk wata hanya daban, liƙawa a ƙofar gida ce, bugawa a jarida ce ko turawa ta waya, sai alƙali ya ba da izini tukuna. Lauyanka zai shigar da roƙo tare da takardar rantsuwa mai nuna an nemi mutumin ba a same shi ba. In ka tsallake wannan, ko hukunci ya yi maka daɗi ana iya rushe shi. Tun a 1981 Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Skenconsult da Ukey cewa rashin isar da sammaci yana ɓata duk abin da ya biyo baya.

Na biyu, zaton suna da hoto sun isa shaidar cewa shafin na wanda ake ƙara ne. Musa Ibrahim nawa ne a Facebook? Kawo wa kotu tsohuwar hirarku, lambar da ya rubuta a takardar yarjejeniya, da alamar cewa har yanzu yana leƙa shafin. A 2008 wata kotu a Canberra ta Ostareliya ta yarda a aika takardun kotu ta Facebook ne bayan lauyoyi sun nuna ranakun haihuwa da adireshin imel na shafukan sun dace da na waɗanda ake ƙara. A 2015 kuma wani alƙali a New York ya bar wata mata ta tura wa mijinta sammacin neman saki ta saƙon sirri, sau ɗaya a mako har mako uku a jere.

Wasu kuma an ba su izinin WhatsApp sai su tura ta Instagram, ko su tura shafin farko na takardun kaɗai. Abin da odar kotun, wato umarnin alƙali, ta ce shi za ka yi, da takardun duka, har da kwafin odar kanta. Kada fushi ya sa ka watsa sammacin a zauren 'yan unguwa ko ka ƙara masa baƙar magana (a nan ne mai gaskiya kan jawo wa kansa ƙarar ɓata suna).

Saura ajiye hujja, inda mutane suka fi sakaci. Ɗauki hoton allon yadda lambar, rana, lokaci da alamar an karanta za su fito sarai, kafin ya toshe ka ko ya sauya layi. Kashe tsarin nan mai goge saƙonni da kansa. Kada ka sayar da wayar. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar tabbatar da na'urar da aka ciro bayanin daga cikinta, don haka a shirya ta tare da takardar rantsuwar cewa an isar da sammacin.

In mutumin yana wata jiha, tunatar da lauyanka sashe na 97 na dokar Sheriffs and Civil Process: akwai rubutun da dole a yi a jikin sammacin kafin ya ƙetare iyakar jiha, kuma turawa ta waya ba ta ɗauke shi ba.