Yanda zaka yi gwajin guba akan ɓeraye ba tare da ka yi asarar kuɗinka ba

Duk shekara idan lokacin furojet yazo sai ka ga ɗalibai sun cika ɗakin dabbobi kowa da kejinsa, wannan yana ɗura wa ɓeraye fiya-fiya, wancan rinin kaya, wata kuma farasitamol, amma ka tsayar da mutum ka tambaye shi wai shin abin nan idan ya shiga jiki me yake komawa, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Toh ƙannena, daga nan ake farawa, tun kafin ka biya kuɗin ɓera ko ɗaya. Sinadarai da yawa ba su ne ke yin ɓarnar da kansu ba, hanta ce ke juya su zuwa wani abu daban a ƙoƙarin ta na fitar dasu ta fitsari, wani lokacin abin da ta juyar ɗin yafi na asali mugunta nesa ba kusa ba. Idan baka san wannan hanyar ba zaka je ka auna abin da bai kamata ba, a gaɓar da bata kamata ba, a ranar da bata kamata ba.

Ɗauki farasitamol tunda kowa ya san shi. Mafi yawansa hanta tana liƙa masa wasu abubuwa guda biyu ne, gulukuronayid da salfet, ya narke a ruwa ya bi fitsari lafiya lau. Ɗan kaɗan ne ke bi ta hannun wani anzayim, wato sinadarin jiki mai juya abubuwa, mai suna CYP2E1 ya koma NAPQI, shi kuma wannan guba ne tsantsa, sai dai hanta tana da ajiyar wani sinadarin kariya mai suna gulutatayon da take kama shi dashi. Matsalar tana zuwa ne idan an sha da yawa, hanyoyin farkon nan biyu sun cika, NAPQI ya yi yawa, ajiyar ta ƙare, sai ya koma cin ƙwayoyin hantar kanta musamman na kusa da jijiyar jinin da ke tsakiyar kowane ƙaramin sashe na hanta inda anzayim ɗin yafi yawa. Shi yasa mutum zai sha abin da ya wuce ƙa'ida yau, gobe ka ganshi yana yawon sa, sai kwana na uku zuwa na huɗu hanta ta nuna, kuma shi yasa maganin da ake bayarwa a asibiti, wato asitailsistin, yafi aiki idan an bada shi cikin awa 8 na farko domin aikinsa shine mayar da ajiyar nan. Kaga kenan idan ka yanka dabbarka awa biyu bayan ɗura ba lallai ka ga lalacewar hantar ba. Af, kuma kada wanda ya ba kyanwarsa farasitamol don Allah, mage bata da ƙarfin hanyar gulukuronayid ɗin nan, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Daga nan sai zaɓen dabba, kuma nan ne mutane ke ruftawa. Babban ɓeran lab nau'in Wistar da muka saba dashi yana da taurin kai akan farasitamol, ƙananan ɓerayen lab ɗin nan farare da ake kira mice sun fi saurin nuna lalacewar hanta irin ta ɗan Adam. Mitanol, wani nau'in barasa mai guba, yafi wannan ban mamaki, a jikin mutum yana komawa fomaldihayid sannan fomik asid, shi ne ke makanta mutum ya kashe shi, kamar yanda ya faru a Ode-Irele ta jihar Ondo a 2015 da mutane suka sha ogogoro mai mitanol, amma ɓera jikinsa na share fomik asid ɗin da sauri baya taruwa, sai ka gama gwajinka ka rubuta cewa abin bashi da illa sosai alhali kuwa mutum ne ba zai kai labari ba. Don haka ka nemi takardun da aka riga aka wallafa akan sinadarinka, ka duba wace dabba suka yi amfani da ita da dalilinsu.

Ka samu amincewar kwamitin kula da haƙƙin dabbobi na makarantarku a rubuce kafin ka fara, ba bayan ka gama ba, mujallu masu daraja basa karɓar aiki babu lambar takardar amincewar nan. Ka siyo ɓerayen masu kusan nauyi ɗaya, ka barsu su saba da wurin aƙalla kwana 5, mu dai sati biyu muke basu saboda wahalar mota da zafi. Kowanne ka sa masa alama a wutsiya da maka wadda bata gogewa.

Matakin farko shine sanin adadin da ke kisa, LD50, wato adadin da zai kashe rabin dabbobin. A jami'o'in mu hanyar Lorke ta 1983 aka fi bi saboda bata cin ɓeraye da yawa. Zagaye na farko rukuni uku, kowanne ɓera uku, ka basu miligiram 10, 100 da 1000 a duk kilo ɗaya na nauyin jiki, ka zuba ido awa 24. Abin da ka gani shi zai gaya maka zagaye na biyu, idan babu wanda ya mutu sai ka hau 1600, 2900 da 5000, ɓera ɗaya ɗaya. Sai ka ɗauki mafi girman adadin da bai kashe ba da mafi ƙarancin wanda ya kashe, ka ninka su da juna ka fitar da sukwaya rut. Akwai kuma ƙa'idojin OECD, wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa, masu lamba 423 da 425, idan kana da burin wallafawa a waje su zan baka shawara, a can ana bin dabbar har kwana 14 saboda gubar da ke jinkiri, kuma ni a ganina wannan yafi hankali tunda ga abin da muka faɗa akan farasitamol.

Lissafin ɗura kuwa kada ka yi shi da ka. Ɓera mai giram 180, kana son bashi miligiram 500 a kilo, kenan miligiram 90 zai sha, idan ka haɗa ruwan maganin ka miligiram 100 a kowace mil ɗaya toh mil 0.9 zaka ja a sirinji. Kada ka wuce mil 1 a duk giram 100 na nauyinsa, sai dai in abin a ruwa zalla ya narke ana iya kaiwa mil 2. A hana shi abinci daren da za'a wayi gari a ɗura amma a bar masa ruwa. Ka riƙe fatar wuyansa kansa ya miƙe da jikinsa, kanula, wato bututun ɗura, ta zame da kanta ta gefen baki, in ka ji turjiya ka zare, don wallahi na ga ɗalibi ya tura mai a huhun ɓera, kumfa ta fito ta hanci ya mutu cikin minti biyu, yaron ya ɗauko littafi zai rubuta cewa sinadari ne ya kashe shi. Bayan ɗura ka zauna a wurin, awa 4 na farko sune masu magana, ka rubuta komai, tashin gashi, dalalar miyau, karkarwa, gudawa, ɓeran da ya koma lungu yaƙi motsi.

Amma fa LD50 kaɗai ba bincike bane, mai fenti ko mai rini ko ɗan bumburutu da ke zuƙo fetur da baki ba lokaci ɗaya suke shan abin da yawa ba, kaɗan kaɗan ne kullum. Shi yasa ake gwajin kwana 28, OECD 407, rukuni uku na adadi daban daban da rukuni na huɗu na kwatance wanda ba'a ba sinadarin, kowanne maza biyar mata biyar. Rukunin kwatancen nan ka bashi duk abin da ka narkar da sinadarin a ciki, in a man zaitun ka narkar toh suma man zaitun zasu sha, ba ruwa ba. Ka auna nauyinsu duk sati ka gyara lissafin ɗura, don ɓeran da ya fara da giram 150 ba zai tsaya a nan ba.

Yanzu me zaka auna a ƙarshe? Kowa ALT da AST na gwajin hanta, yuriya da kiriyatinin na gwajin ƙoda yake rubutawa kamar karatun allo, ba laifi, amma sinadarinka ne ya kamata ya zaɓa maka. Benzin da ke cikin fetur a hanta ake juya shi amma a ɓargo yake ɓarna, kenan ƙidayar ƙwayoyin jini ce zata nuna maka. Fiya-fiya irin mai dikulobos anzayim ɗin kolinestares yake toshewa, shi zaka auna. Dayetilin gilaikol, wanda aka samu a maganin haƙoran yara My Pikin a 2008 har yara 84 suka rasu, jiki na juya shi zuwa asid ɗin da ke kashe ƙoda, toh ƙoda zaka sa wa ido da yawan fitsari. Dalma kuwa, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 irin su Dareta da Yargalma, ita jiki baya juya ta zuwa komai, taruwa take a ƙashi tana hana haɗa jini tana taɓa ƙwaƙwalwa, za ka iya samun ALT lafiya ƙalau alhali ɓeran ya cika da ita, dole sai ka auna ita kanta a jini. Idan kuma kana son kama abin da sinadarin ya koma, sai keji na musamman mai raba fitsari da kashi, ka tara fitsarin awa 24 ka kai inda suke da injin HPLC mai rarrabe sinadarai, ka tambayi kuɗin tun da wuri don kar ya baka mamaki.

Ranar yanka ka shirya komai tun dare. Kwalba mai murfin shunayya ta EDTA mai hana jini daskarewa don ƙidayar jini, mara komai a ciki don ruwan jini. Ka cire allura daga sirinji kafin ka zuba jinin a hankali ta jikin kwalba, in ka fesa shi da ƙarfi jajayen ƙwayoyi su fashe ruwan ya fito ja-ja, AST ɗinka ya haura sama ba gaira ba dalili. Ni kaina na taɓa asarar samfur talatin, mun juya jini a inji mun raba ruwansa mun sa a firij wuta ta ɗauke kwana biyu babu wanda ya tada janareta, don haka ka tanadi kula mai ƙanƙara a ciki ko ka kai lab a ranar. Hanta da ƙoda ka goge su da takarda ka auna nauyinsu, ka raba da nauyin ɓeran, sannan ka yanki ɗan siriri ka jefa a fomalin kashi 10 mai hana nama ruɓewa, ruwan ya ninka naman aƙalla sau goma, kada ka cusa hanta sukutum a ƙaramar kwalba tsakiyarta ta ruɓe kazo kana ce wa likitan da zai duba guba ce. Kuma ka sa wa kwalaben lamba kawai, jerin wane rukuni ne wane ka riƙe shi a aljihunka har sai ya gama dubawa ya rubuto maka abin da ya gani.